Zauren da kowa ke ajiya: yadda /tmp ya tona asirin wani kamfanin sufuri a Garwa

Ƙarar fanka ce ta fara tona maganar. A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, ke haura digiri 40, akawun wani kamfanin sufurin kaya ya lura cewa fankar sabar ofishinsu ba ta hutawa, ko da asuba ya zo buɗe ƙofa sai ya tarar tana huci. Batiran inbata da a da suke riƙe ta kusan awa huɗu idan an ɗauke wuta sun koma mutuwa kafin awa biyu. A irin wannan lokaci ruwan madatsar Lagdo yakan ja baya, wuta kuma ta zama ta rabo, don haka kowa ya ɗora wa zafi laifi. Alhaji mai kamfanin har ya aika kasuwa a tambayo kuɗin sababbin batira.

Aikin kamfanin shi ne ɗaukar kayan da jirgin ƙasa ke saukewa a Ngaundare, inda layin dogo ya ƙare, a haura da su Garwa da Marwa har Kusiri, wasu a tsallake da su gada zuwa Njamena. Duk lissafinsu yana cikin kwamfuta guda: Debian 12, RAM gigabait 8, da Apache da PHP da rumbun bayanai na MariaDB. Rassan Ngaundare da Marwa da Kusiri suna shiga ta intanet su rubuta takardar kaya, su ɗora hotonta, su buga rasit. Wanda ya rubuta manhajar ya daɗe da komawa kudu. Ya bar ta a hannun ɗan ƙanwar Alhaji, yaro mai himma wanda ya yi karatun kwamfuta na shekara biyu, kuma shi ne ya kira ni.

"Kawu, na duba da top, akwai wani abu da ya cinye furosesa gaba ɗaya. Na kashe shi sau uku, yana dawowa."

Abin da muka fara gani

Sunan abin ya yi kama da na ayyukan cikin zuciyar Linux, an yi masa haka ne don ido ya wuce shi. Amma ayyukan zuciyar Linux na root ne, babban asusun da ke da iko a kan komai, wannan kuwa yana gudana da sunan www-data, wato asusun Apache. Muka duba /proc muka bi lambarsa, ta kai mu wata ɓoyayyar folda mai ɗigo a farkon suna a cikin /tmp, wurin ajiyar wucin gadi na na'urar. A ciki akwai XMRig, manhajar haƙar kuɗin intanet na Monero. Ita kanta ba haramtacciya ba ce, sai dai ɓarayi sun fi son ta saboda Monero ana iya haƙarsa da furosesa na gama-gari. Wani ne can a wata duniya yake cin riba da wutar Alhaji da batiransa.

Dawowar da yake yi kuwa ba siddabaru ba ne. Da muka buga crontab -u www-data -l don ganin jadawalin ayyukan asusun, sai ga layi guda da ke ɗauko wani rubutun umarni daga intanet kowane minti ya miƙa wa sh, manhajar da ke gudanar da umarni. Debian 12 tana share /tmp duk lokacin da na'ura ta tashi, to ɓarawon ya ajiye kwafi na biyu a /var/tmp, wanda ƙa'idar tsarin fayilolin Linux ta ce ba a share shi idan an sake kunnawa, da na uku a /dev/shm. Hanyar shigarsa ma ba ta yi wuyar ganowa ba: wurin ɗora hoton takardar kaya ba ya tantance abin da aka ba shi, sai aka ɗora fayil na PHP da sunan hoto, aka kira shi ta burauza.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban rubuta shi ba. Irin wannan yana faruwa kullum a duk inda aka bar saba a buɗe. Abin da ya sa na ja kujera na zauna shi ne sakamakon ls -ld /tmp, umarnin da ke nuna izinin foldar. Ya kamata a ga drwxrwxrwt. Abin da na gani drwxrwxrwx ne. Harafin t na ƙarshe ya ɓace.

Harafi guda

A ɗauki /tmp kamar zauren gidan haya. Kowane ɗan haya yana da ikon shiga ya ajiye buhunsa na ɗan lokaci. A tsarin Unix, ikon share fayil ko sauya masa suna ba a jikin fayil ɗin yake ba, a jikin foldar da yake ciki yake. Wanda duk ke iya rubutu a folda yana iya share abin da ke cikinta, ko da ba nasa ba ne. Harafin t, wanda nake kira alamar ɗanko, shi ne ke hana hakan: idan yana nan, ba mai taɓa buhu sai mai shi, ko mai zauren, ko root. Shi ya sa lambar izinin /tmp take 1777, ba 777 ba. Alamar tsohuwa ce, tun Unix na 1974 take, a lokacin aikinta daban ne, na riƙe manhaja kusa don ta yi saurin tashi. A 4.3BSD na 1986 ne aka ba ta wannan aiki na tsaron folda.

Na tambayi yaron ko ya san wanda ya cire ta. Bai ɓoye ba.

"Ni ne, Kawu. Rasit ne ba sa fita. Da na sa chmod 777 sai suka fita. Amma duk sanda aka ɗauke wuta ta dawo, matsalar sai ta dawo, shi ne na sa shi a cikin umarnin tashi."

Na daɗe ina kallon wannan layi. Na'urar tana gyara kanta ne duk sanda ta tashi, domin systemd-tmpfiles, wani sashe na systemd mai tayar da ayyukan na'ura, yana mayar da /tmp kan 1777, shi kuma yaron yana ganin gyaran a matsayin ciwon da ya dawo. A garin da ake iya ɗauke wuta sau biyu ko uku a yini, ya gaji da maimaitawa, ya nemi maganin dindindin, kuma ya samu.

Tushen abin ya girme shi. Wanda ya rubuta manhajar ya tsara cewa Apache zai ajiye rasit a /tmp, wani ɗan rubutun umarni da ke gudana da wani asusu daban ya zo ya ɗauka ya tura wa firinta ya share. Apache na Debian yana zuwa da PrivateTmp a kunne, wato systemd yana ware masa /tmp da /var/tmp nasa na kansa da sauran ayyuka ba sa gani. Tunda mai ɗaukar rasit ba zai gan su a can ba, sai mutumin ya kashe PrivateTmp. Katanga ta farko ta faɗi ke nan. A zamaninsa mai ɗaukar rasit da root yake gudana, don haka sharewa ba ta gagare shi ba. Yaron ne ya karanta cewa barin irin wannan a hannun root kuskure ne, ya mayar da shi ƙaramin asusu, kuma ya yi daidai. Sai alamar ɗanko ta hana ƙaramin asusun share fayilolin www-data. Ya cire ta. Katanga ta biyu.

Ta ukun ta faɗi ba tare da kowa ya taɓa ta ba, kuma ita ce mutane da yawa ba su sani ba. Tun Linux 3.6 na 2012 akwai saitunan tsaro fs.protected_symlinks da fs.protected_hardlinks, a 4.19 na 2018 kuma aka ƙara fs.protected_regular da fs.protected_fifos. Mun duba da sysctl, duk a kunne suke. Sai dai ban da ta hardlinks, sauran ukun suna aiki ne kawai a foldar da take ɗauke da alamar ɗanko. Babu t, babu su. Mai gadi yana bakin aiki, an cire masa lambar gidan da aka ce ya tsare.

Buhun da ya fi kowane tsada

A cikin /tmp ɗin akwai wani fayil na root mai suna ajiya.sql, an rubuta shi ƙarfe biyu na daren jiya. Kwafin rumbun bayanan kamfanin ne kaf. Kowane dare cron, mai gudanar da jadawalin ayyukan root, yana fitar da shi da mysqldump zuwa wannan suna guda da ba ya sauyawa, sannan ya kwafe shi zuwa faifan waje, ya bar asalin a nan. Izininsa 644: root ke rubutawa, kowa na iya karantawa. A /var/tmp kuma, kusa da kwafin XMRig, muka tarar da shi a dunƙule cikin fayil na gz, mai shi www-data. Ba root ya ajiye shi a can ba, kuma ba wanda ke dunƙule kaya sai mai niyyar fita da su.

Na ce wa yaron ya kawo kwamfutarsa ta hannu in nuna masa abin da bai faru ba amma ƙofarsa a buɗe take. Muka yi folda ta gwaji mai izinin 777, root ya ajiye ajiya.sql a ciki. Da ƙaramin asusu na share fayil ɗin root, ba abin da ya hana ni. Na maye gurbinsa da mahaɗar nuni mai suna iri ɗaya, ta hanyar ln -s, tana nuna wani fayil na root a wata folda. Na ce masa ya gudanar da umarnin ajiyar dare kamar yadda cron ke yi. Ya buga. Muka buɗe wancan fayil, abin da ke cikinsa ya tafi, bayanan rumbu sun hau kai. Root da hannunsa ya goge abin da ƙaramin asusu ba shi da ikon taɓawa.

"Da /etc/passwd, rajistar asusun masu shiga, na nuna fa?" in ji ni.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da ba mai shiga na'urar."

Muka mayar da foldar 1777 muka sake gwadawa. Sharewar ta ƙi. Ko da muka kafa mahaɗar tun kafin root ya rubuta nasa, zuciyar Linux ta ƙi bin ta, ta ce babu izini.

Gaban Alhaji

Alhaji bai damu da Monero ba. Da na ce wani yana haƙar kuɗi da na'urarsa, dariya ya yi ya tambaya ko za a ba shi kasonsa. Da na ce kwafin littafin kamfani ya fita, dariyar ta tsaya.

"Malam, har da bashi?"

"Har da bashi, ranka ya daɗe. Sunan kowane ɗan kasuwa, lambar wayarsa, abin da ya ɗauko, farashin da ka yi masa, da abin da kake bin sa."

A kasuwa irin tamu wannan ya fi batir nauyi. Farashin da aka yi wa mai buhu ɗari ba shi ake yi wa mai buhu goma ba, kuma kowa yana zaune lafiya ne saboda bai ga na ɗan'uwansa ba. Ga kuma lambobin waya, waɗanda da su ake kiran mutum a ce daga ofis ne, motarka ta maƙale a hanyar Marwa, turo kuɗi ta waya. Na ba shi shawarar a sanar da manyan abokan cinikinsa da baki cewa duk wanda ya kira da sunan kamfani yana neman kuɗi, su kira Alhaji da kansa kafin su tura ko sefa biyar. Ya ƙi da farko, yana gudun abin da za a ce. Kwana biyu bayan nan ya yi, ta bakin akawu.

Ya so ya sallami yaron. Na ce masa ba na goyon baya, kuma har yanzu ra'ayina ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon nan kuwa a tsage aka miƙa wa yaron. Shi ne ya lura, shi ne ya kira, kuma da aka tambaye shi bai yi ƙarya ba. Wanda za a kawo a madadinsa zai tarar da rasit ba sa fita, ya shiga intanet, ya samu amsar chmod 777 ɗin nan dai.

Gyaran

Na'urar da aka shiga ba a wanke ta, sake ta ake yi. Muka zaɓi daren Asabar zuwa Lahadi da lodi ke raguwa, muka girka Debian sabuwa a sabon faifai, muka ajiye tsohon. An toshe ramin ɗora hoto, an hana PHP gudana a foldar hotuna, an sauya duk kalmomin sirri na rassa da na rumbun bayanai.

Babban gyaran shi ne fitar da rasit daga zaure. Muka yi musu folda tasu a /srv, muka kafa rukuni guda da ya haɗa www-data da mai ɗaukar rasit, izini 2770, don duk fayil ɗin da aka ajiye ya gaji rukunin foldar kuma ba wani na uku da zai leƙa. Da wannan kaɗai dalilin kashe PrivateTmp ya kau, muka mayar da shi. Dalilin chmod 777 ma ya kau, yaron da hannunsa ya goge layin.

Ajiyar dare ta bar /tmp kwata-kwata. Yanzu rubutun yana farawa da umask 077 don kada wani asusu ya iya karanta abin da ya rubuta, yana amfani da mktemp -d ya samu folda mai sunan da ba a iya hasashe a cikin wata foldar root mai izinin 700, wato mai ita kaɗai ke shiga, yana rufe kwafin da gpg kafin ya tafi faifan waje, yana share ragowar ko aikin ya yi nasara ko bai yi ba. Muka kuma ƙirƙiri /etc/cron.allow da sunan root da na yaron kawai, don kada www-data ya sake rubuta wa kansa jadawali ta crontab.

Sai a ƙarshe muka zo kan abin da yawancin mutane ke farawa da shi. Muka ɗora /tmp a kan tmpfs, wato a cikin RAM, da mode=1777, nosuid, nodev, noexec da iyakar gigabait 1. Idan ba a sa iyaka ba, tmpfs yana iya cin rabin RAM. Amfanin raba shi da babban faifai a fili yake: wanda ya cika /tmp, /tmp kaɗai ya cika, rumbun bayanai yana nan da wurin rubutu. Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ma ta koma wannan hanya, /tmp a kan tmpfs, tana share abin da ya kwana 10 ba a taɓa ba a /tmp da wanda ya kwana 30 a /var/tmp. Zaɓuɓɓukan nan uku, nosuid, nodev da noexec, muka sa wa /var/tmp da /dev/shm ma. PrivateTmp bai shafi /dev/shm ba, kuma can ne ɓarawo ke komawa idan ya tarar /tmp a rufe.

Yaron ya yi murna da noexec, mai hana gudanar da fayil daga foldar, fiye da komai, yana ganin an gama. Dole na rage masa murna. Na rubuta ɗan fayil a /tmp, na ba shi izinin gudana, na kira shi kai tsaye, aka hana. Na sa sh a gabansa, ya gudana lafiya lau. Domin a nan sh ne ke gudana, daga inda yake a /bin, fayil ɗin karanta shi kawai yake yi. Haka perl, haka python, haka php ɗin da ke na'urar. Tun Linux 3.17 na 2014 kuma akwai memfd_create, wanda da shi ake iya ɗora manhaja a ƙwaƙwalwa a gudanar ba tare da ta taɓa wata folda ba. Abin da noexec ke tarewa shi ne ɓarawon da ke yawo da kayan aiki na atomatik, mai ajiye fayil a /tmp ya kira shi, in ya ƙi ya wuce gaba. Irinsu su ne suka fi yawa, don haka ina sa shi a kowace saba. Amma da a ce shi kaɗai muka sa tun farko, da ajiya.sql ya fita yadda ya fita, tunda karanta fayil ba ya buƙatar izinin gudana.

Abin da gyaran ya karya

Biyu ne. Na farko ya bayyana a makon: apt, mai girka manhajoji a Debian, ya riƙa ƙorafi lokacin sabunta wasu manhajoji, domin yana zube rubutun tambayoyin saiti a /tmp ya nemi gudanar da su. Wasu suna magance wannan da cire noexec kafin apt ya fara su mayar bayan ya gama. Ban so haka ba a garin da wuta ke iya tafiya a tsakiyar aiki, ko apt ya tsaya da kuskure a bar ƙofa a buɗe ba wanda ya sani. Muka nuna masa wata foldar root ta APT::ExtractTemplates::TempDir, ƙorafin ya ƙare.

Na biyun laifina ne. Ranar 30 ga wata akawu ya nemi rahoton ƙarshen wata na dukan rassa, manhajar ta tsaya da kuskure mai lamba 28, wato wuri ya ƙare. MariaDB, idan lissafi ya yi mata girma, tana zuba teburorin wucin gadi a tmpdir, wanda idan ba a sauya ba /tmp ne. A da tana da faifai guda sukutum, ni kuma na matse ta a gigabait 1 ban gwada rahoton wata ba. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Direbobi suna zaune a bakin ofis suna jiran a lissafa musu kuɗin tafiya, Alhaji yana kiran wayata, ni kuma ina kan hanyar dawowa daga Marwa inda sabis ke zuwa yana tafiya.

Kafin in samu inda zan tsaya, yaron ya turo saƙo. Bai ƙara girman /tmp ba, bai kuma taɓa izini ba. Ya yi sabuwar folda a /var/lib, ya ba asusun mysql ita da izinin 700, ya nuna wa tmpdir can, ya sake kunna MariaDB, rahoton ya fita. A ƙasan saƙon ya haɗo hoton allo na ls -ld /tmp, ya zagaye harafin t da jan layi.

"Kawu, tana nan," ya rubuta.

Batiran kuwa ba a sayi sababbi ba. Sun koma riƙe na'urar sama da awa uku.